Wa Ke Da Ikon Cewa "A Harba"?

A wannan watan zan ɗan kauce wa sharhin fim da muka saba, amma ba zan yi nisa da allon kallo ba, don daga can maganar ta samo asali.

Ka taɓa lura da yadda muke kallon fim ɗin faɗa, na Indiya ne ko na Amurka ko namu na gida? Tun kafin a kai rabi, darakta ya riga ya yanke mana hukunci. Ya nuna mana bos yana zalunci, ya nuna mana hawayen uwar ekta, ya sa mana kiɗan da ke tayar da tsikar jiki. Saboda haka in ƙarshe ya zo, ekta ya tarwatsa gidan bos da bam, sai gidan kallo ya kaure da tafi. Ba mai tambayar wanda ya ba ekta izini. Mutum ashirin ɗin nan da suka zube a bakin ƙofa, shin duk yaran bos ne, ko kuwa akwai mai gadi da mai shara da yaron da aka aiko da abinci? Kyamara ba ta tsaya a kansu ba, mu ma ba mu tsaya ba. Ko a jerin sunayen ƙarshen fim ba ka ganin su.

A fim wannan ba laifi ba ne, don darakta ya san komai, shi ya ƙirƙiri mugun da hannunsa. Damuwar ita ce mu fito da irin wannan ido zuwa rayuwa ta zahiri. A dajin Zamfara babu darakta. Akwai matuƙin jirgi a sama yana hango ɗigo-ɗigo a ƙasa, akwai wanda ya ba shi umarni, akwai kuma wanda ya ba wancan umarni, har a kai ga mutum ɗaya a Abuja, wanda tsarin mulki ya kira Babban Kwamandan Askarawan Nijeriya. Tambayata ita ce: wannan mutum, ko waye shi, yana da iyaka wajen ba da umarnin a yi luguden wuta? In yana da ita, wa ke riƙe da ita?

Na san abin da wani zai ce tun ban yi nisa ba. Zai ce, "Malam, kai ka ƙoshi ne." Kuma ba zan ga laifinsa ba. Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta Tsafe a shekarun nan ya san yadda mota ke yin tsit, kowa na jan addu'a a zuci. A watan Afrilu na 2023 aka kwashe mutane wajen 80, akasarinsu yara da mata, a Wanzamai ta ƙaramar hukumar Tsafe, sun je itace. A watan Satumba na shekarar aka shiga Sabon Gida ta ƙaramar hukumar Bunguɗu cikin dare, aka ɗebe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga ɗakunan kwanansu. Manomi ya biya kuɗi kafin ya yi shuka, ya sake biya kafin ya yi girbi. Mutumin da ya sayar da gonar gado ya fanshi matarsa, in ya ji rugugin jirgin yaƙi a sama, hamdala zai yi. Wanda ruwa ya ci, ko takobi ka miƙa masa kamawa zai yi. Ni ma ina son a ga bayan ɓarayin daji, kuma ban yarda akwai wata hanya da za a bi ba tare da ƙarfin soja a ciki ba. To amma tunda da sunanmu ake harbin, da kuɗinmu ake sayen bam ɗin, kuma a kan ƙasarmu yake sauka, ai ba rashin kunya ba ne mu buɗe kundin tsarin mulki mu ga abin da ya ce.

Kundin 1999 ya yi magana ƙarara a kan yaƙi da wata ƙasa. Sashe na 5(4) ya ce Shugaban Ƙasa ba zai ƙaddamar da yaƙi tsakanin Nijeriya da wata ƙasa ba sai Majalisar Dattawa da ta Wakilai sun zauna a zaure ɗaya sun amince. Ya kuma ce ba za a tura ko da soja ɗaya fagen fama a wajen Nijeriya ba sai da amincewar Majalisar Dattawa tukuna. Sashe na 5(5) ya bar ƙofa ɗaya: in Shugaba ya gamsu cewa haɗari na gab da auka wa ƙasa, zai iya tuntuɓar Majalisar Tsaron Ƙasa ya tura sojoji wani taƙaitaccen aiki a waje, amma dole cikin kwana 7 da fara faɗa ya nemi yardar Dattawa, su kuma su ba da amsa cikin kwana 14.

Mun ga amfanin wannan linzami da idonmu. Ranar 26 ga Yuli, 2023, sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar. Ƙungiyar ECOWAS, a ƙarƙashin jagorancin Shugaba Bola Tinubu, ta ba su wa'adin mako ɗaya, ta ce in ba su mayar da mulki ba za ta iya amfani da ƙarfi. Shugaban ya rubuta wa Majalisar Dattawa wasiƙa. Sanatocin Arewa suka fito fili suka ce ba su goyon bayan yaƙi, suka tuna wa kowa cewa jihohi bakwai ne ke iyaka da Nijar, har da Zamfara. Ranar 5 ga Agusta majalisar ta ba Shugaban shawarar ya bi hanyar sulhu da lalama. Bayan nan Sarki Muhammadu Sanusi II ya je Yamai, tawagar malamai ta bi sahu. Ba majalisa kaɗai ce ta hana yaƙin ba, amma kowa ya ga cewa Shugaba bai isa ya wuce ta ya danna shi kaɗai ba. Haka nan a Disamba 2025, da aka yi yunƙurin juyin mulki a Jamhuriyar Benin, jiragen Nijeriya sun kai ɗauki ranar 7 ga wata bisa roƙon gwamnatin can, ranar 9 kuma Dattawa suka amince da buƙatar da Shugaban ya aika masu. Kana iya cewa amincewar ta yi saurin tsiya, kamar an buga hatimi ne kawai. Duk da haka an rubuta wasiƙa, an karanta ta a bainar jama'a, akwai kuma sunayen waɗanda tarihi zai tambaya.

Yanzu mu dawo gida. In bam ɗin a cikin Nijeriya zai sauka, me doka ta ce? Sashe na 217(2)(c) ya ba sojoji aikin murƙushe tawaye da taimaka wa hukumomin farar hula wajen dawo da doka da oda idan Shugaban Ƙasa ya kira su, amma bisa sharuɗɗan da Majalisar Dokoki ta Ƙasa za ta gindaya a cikin doka. Sashe na 218 ya ce Shugaba ke da ikon yanke yadda za a yi amfani da sojoji, ya kuma ba majalisa ikon yin dokokin da za su tsara yadda zai yi amfani da wannan iko. To dokar da ke akwai, wato Dokar Rundunonin Soja, asalinta dokar soja ce ta 1993, kuma sashe na 8 nata ya sake miƙa wa Shugaba wuƙa da nama ne, har da amfani da soja a cikin gida don tabbatar da zaman lafiya. Babu wa'adin kwana 7 a nan, babu ƙuri'ar amincewa, babu ranar da za a dawo a ce an gama ko a sabunta.

Ka duba yadda abin ya gudana. A watan Yuli na 2016 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Ɗansadau sanye da kakin soja ya ƙaddamar da farmakin Harbin Kunama. Ban da shi mun ji Sharan Daji, muka ji Dirar Mikiya ta sojin sama a 2018, muka ji Hadarin Daji, a 2024 kuma aka koma Fansar Yamma. Sunaye masu daɗi, wallahi kamar na finafinai. A watan Maris na 2021, kwanaki kaɗan bayan sace 'yan matan makarantar Jangeɓe, kakakin Shugaban Ƙasa ya shaida wa duniya cewa an ba jami'an tsaro umarnin harbe duk wanda aka gani da bindiga ƙirar AK-47 ba bisa ƙa'ida ba. A watan Nuwamba na 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda, bisa roƙon gwamnati. Amma daga 2016 zuwa 2025 ba a kafa dokar ta-ɓaci ta sashe na 305 a Zamfara ba, irin wadda aka kafa a Borno da Yobe da Adamawa a 2013, wadda ita ce ke buƙatar kashi biyu cikin uku na kowace majalisa, kuma take ƙarewa bayan wata shida in ba a sabunta ta ba. Ba ina kiran a kafa ta ba ne. Ina nuna maka ne cewa an yi kusan shekara goma ana yaƙi da jirage a jiha guda ba tare da an bi ta wata ƙofa da ke tilasta wa wakilanmu su ɗaga hannu su ce eh ko a'a ba.

Ka ga abin mamakin ke nan. Bahaushen Maraɗi, wanda ba ya zaɓen Shugaban Nijeriya, tsarin mulkinmu ya gina masa katangar sanatoci 109 kafin jirginmu ya taɓa shi. Bahaushen Tsafe ko Bafulatanin Bunguɗu, wanda ya bi layi cikin rana ya dangwala ƙuri'a, abin da ke tsakaninsa da bam shi ne ingancin rahoton da aka samu da kuma idon matuƙi. Gaskiya ne sashe na 33 ya ba shi 'yancin rayuwa, kuma ya ce ko wajen murƙushe tarzoma ko tawaye ba a amfani da ƙarfi sai gwargwadon buƙata. Amma wannan 'yanci ne da magada ke zuwa nema a kotu bayan an yi jana'iza, in suna da kuɗin lauya.

Kada ka ɗauka hasashe nake yi. A watan Afrilu na 2019 Ministan Tsaro na lokacin, Mansur Ɗan-Ali, wanda shi ma ɗan jihar ne, ya zargi wasu sarakuna da haɗa baki da 'yan bindiga. Majalisar Sarakunan Zamfara ta zauna a Gusau ta mayar da martani, kuma Sarkin Bunguɗu, Alhaji Hassan Attahiru, shi ya yi magana da yawunta. Sarakunan suka ce hare-haren jiragen ba sa sauka a kan ainihin sansanonin ɓarayin, suka ambaci wurare a ƙananan hukumomin Gusau da Tsafe da Anka da Zurmi inda suka ce waɗanda aka kashe bayin Allah ne da ba su ji ba ba su gani ba. Rundunar sojin sama ta musanta, ta ce a kawo hujja. Sarakuna na cewa kaza, soja na cewa kaza, talaka na tsakiya. Wa ya kamata ya raba gardamar? A nan ne ramin yake, don wanda ake zargi shi ne ke riƙe da hoton da jirgin ya ɗauka, shi ne kuma zai binciki kansa.

Abin bai tsaya nan ba. A watan Disamba na 2022 harin jirgi a Mutumji ta ƙaramar hukumar Maru ya hallaka mutane fiye da 60, kamar yadda mutanen yankin suka faɗa. Ranar 3 ga Disamba, 2023, jirgin sojan ƙasa maras matuƙi ya saki bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ƙirga gawa 85. A watan Janairu na 2025, a Tungar Kara, tsakanin Zurmi da Maradun, jirgi ya auka wa mutanen da suka fito bin sawun ɓarayi, aka rasa aƙalla 16, kuma gwamnatin jihar da kanta ta ce akwai 'yan sa-kai a cikinsu. Ka ji fa. Mutum ya ɗauki bindigar toka ya fita kare garinsu, gaba kura baya sayaki.

Yanzu bari in ba masu ja da ni haƙƙinsu, don hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa yaƙi sirri ne da sauri. Ɓarayi a kan babura suke, in ka gan su yanzu, bayan minti goma sun shige duhuwa. Ta yaya za a jira majalisa ta zauna? Ga infoma ko'ina, maganar da aka yi a ɗaki da safe kafin azahar ta isa daji. Kuma su 'yan majalisar waliyyai ne? Sannan ɓarayin da gangan suke cuɗanya da jama'a, su ajiye mutanen da suka sato a tsakiyar sansani. In aka ce sai an tabbatar ɗari bisa ɗari, ba za a taɓa harbi ba, su kuma za su ci gaba da yanka mutane. Rashin harbi ma yana da gawarwakinsa.

Wanda ya kalli fim ɗin Eye in the Sky na 2015, wanda Gavin Hood ya ba da umarni, ya san nauyin wannan magana. Helen Mirren ta fito a matsayin kanar ɗin sojan Ingila da ta gano 'yan Al-Shabab a wani gida a Nairobi suna ɗaura rigunan ƙunar baƙin wake. Jirgi maras matuƙi na sama yana jira. Sai ga wata yarinya ta kafa teburinta tana tallar burodi a jikin katangar gidan. Kusan duk fim ɗin a kan wannan aka ƙare: lauya na ba da fatawa, minista na tura wa na sama da shi, wanda zai danna maɓalli a Amurka na cewa sai an sake lissafin haɗarin. 'Yan kallo da yawa haushi suke ji, suna cewa a harba mana a wuce wurin. A ƙarshe aka harba, yarinyar ta mutu. Amma abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne wurin da kanar ta matsa wa yaronta mai lissafi ya rage adadin haɗarin a takarda zuwa ƙasa da kashi 50, don a samu izini. Me ya sa ta wahalar da kanta? Saboda ta san akwai takarda, akwai wanda zai karanta ta gobe. Fim ɗin bai ce doka na hana kuskure ba. Ya nuna cewa inda doka take, ko mai son kauce mata sai ya bar sawu. Inda babu ita, yarinya mai burodi ba ta ma shiga lissafi.

To ni ban ce a kira sanatoci duk lokacin da jirgi zai tashi daga Katsina ko Gusau ba. Wannan wauta ce. Akwai bambanci tsakanin riƙe wa direba sitiyari da kafa dokar hanya. Abin da ya rataya a wuyan majalisa shi ne ta rubuta sharuɗɗan da sashe na 217 ya ba ta dama: a wane hali ake amfani da jirgin yaƙi a kan ƙasar Nijeriya, wane matsayi ne ke ba da izinin ƙarshe in akwai gari a kusa, bayan wata nawa Shugaba zai dawo ya yi bayani a sabunta izinin ko a janye, kuma in an kashe wanda ba shi da laifi, wa zai bincika wanda ba ya sanye da kaki ɗaya da wanda ya yi harbin, cikin kwana nawa za a fitar da rahoto, nawa ce diyya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai sanar da ɓarawo ranar da za a kai masa hari.

Wannan ma ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. Mu da ke cewa shawara ɗaukar ɗaki? Manzon Allah (SAW), wanda wahayi ke sauka gare shi, ya shawarci sahabbai kafin Badar, ya shawarce su kafin Uhudu, har ya bi ra'ayin masu cewa a fita bayan gari alhali shi ya fi son a tsaya cikin Madina. Bayan buɗe Makka kuma, da Khalid bin Walid ya kashe wasu mutanen ƙabilar Banu Jazima bisa kuskuren fahimtar maganarsu, Annabi bai rufe zancen don kare martabar runduna ba. Ya ɗaga hannu ya barranta daga aikin a gaban jama'a, ya aiki Sayyadina Ali da dukiya ya biya diyyar rayuka da ta kayan da aka ɓarnatar. Khalid kuwa ya ci gaba da jan runduna, ya ci manyan yaƙoƙi bayan nan. Amsa kuskure bai karya sojan ba. A ƙasar nan tamu ma, lokacin da yaƙin jihadi ya kai Borno, Shehu Muhammadu al-Kanemi ya rubuto wasiƙu yana tambayar hujjar yaƙar su, Muhammadu Bello kuma bai ce takobi ya isa amsa ba. Ya zauna ya mayar da martani a rubuce, ya kuma adana muhawarar a littafinsa Infaƙul Maisuri, har yau ana karantawa ana auna hujjar kowa. Shekara 200 da suka wuce masu riƙe da takobi sun san ana bin su bashin bayani.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu cewa rubuta doka kaɗai ya isa. Amurka ta ishe mu misali. Tsarin mulkinsu majalisa ya ba ikon ƙaddamar da yaƙi. Bayan sun sha wuya a Biyetnam, a 1973 suka yi dokar da ta ce Shugaba ya sanar da majalisa cikin awa 48 in ya tura soja fagen fama, kuma ya janye su cikin kwana 60 in ba a ba shi izini ba. Shugaba Nixon ya hau kujerar na-ƙi, majalisa ta tsallake shi. To amma me ya biyo baya? A 2001, kwana uku bayan harin 11 ga Satumba, majalisar ta ba Shugaba Bush izini mai faɗin gaske, mace ɗaya tak, Barbara Lee, ta ce a'a a Majalisar Wakilai. Da wannan izini shugabanni suka yi ta kai hare-hare a ƙasashe daban-daban shekara da shekaru. A 2011 Obama ya wuce kwana 60 yana ruwan bama-bamai a Libiya, lauyoyinsa suka ce abin bai kai a kira shi faɗa ba. Dokar tana nan a takarda, masu riƙe da linzamin ne suka saki, don ɗan siyasa ya fi son Shugaba ya ɗauki nauyin shi kaɗai: in an yi nasara a yi tafi tare, in ta ɓaci a ce ba a shawarce mu ba.

Kuma wannan magana ta Amurka ta daina zama labarin nesa. Daren 25 ga Disamba, 2025, bisa umarnin Shugaba Donald Trump, sojojin Amurka suka harba makamai a jihar Sakkwato, maƙwabciyarmu. Gwamnatin Nijeriya ta ce da amincewar Shugaba Tinubu aka yi, kuma 'yan ta'adda aka nufa a dajin Tangaza. Ɓaraguzai sun faɗa a Jabo ta ƙaramar hukumar Tambuwal, da Offa ta jihar Kwara. Ko kana murna da harin ko kana baƙin ciki, ka tsaya ka yi tunani: shugabanni biyu suka yanke shawarar wata ƙasa ta yi harbi a cikin ƙasarmu, kuma ba majalisar da ta kaɗa ƙuri'a kafin a yi, ta can ko ta nan. Tsarin mulkinmu ya faɗi yadda za a tura sojanmu waje, bai faɗi ƙarara yadda za a gayyato makamin wani ciki ba. Ƙofar da aka buɗe a Tangaza, wa ya ce ba za a bi ta zuwa dajin Tsafe ba?

Akwai dalilin da ya sa na ce iyakance iko taimakon soja ne. Yaƙin daji da bayanai ake cin sa, bayanai kuma daga bakin mutanen ƙauye suke fitowa. Garin da aka kashe wa mutum goma, aka ce masu 'yan ta'adda ne aka kashe, ba zai ƙara ɗaga waya ya kira soja ba. Yaron da ya tsinci gawar ubansa a bakin rijiya, ba wanda ya zo ya ce masa yi haƙuri, ɓarayi sun samu sabon ɗan aike a ɓagas. Garin gyaran gira sai a rasa ido. Shi ya sa nake ganin ci gaba ne da hedikwatar tsaro ta ce a 2024 za a gurfanar da sojoji biyu a kotun soja kan Tudun Biri, da kuma diyyar da sojin sama suka biya a ƙarshen 2025 ga iyalan waɗanda harin Silame ta jihar Sakkwato ya rutsa da su shekara guda kafin nan. Amma alheri ne da aka ga dama aka yi. Wanda aka yi wa alheri godiya yake yi, mai haƙƙi kuwa tambaya yake yi, kuma mutanen Mutumji da Tungar Kara masu haƙƙi ne.

Ka kuma tuna cewa iko ba na mutum ba ne, na kujera ne. In ka yarda a sakar wa Shugaban da kake ƙauna mara, ka sakar wa wanda zai gaje shi, wanda ba ka san ko waye ba. A watan Nuwamba na 1999, wata shida kacal da dawowar mulkin farar hula, aka tura sojoji garin Odi na jihar Bayelsa bayan kashe 'yan sanda, aka baje garin. Mu a nan Arewa da yawa ko a jikinmu, faɗan da ba ruwanka daɗin kallo gare shi. Sai a 2013 kotu ta ce a biya mutanen garin diyyar naira biliyan 37.6. Ikon da aka yi amfani da shi a Odi, shi ne dai ke shawagi a samaniyar Zamfara.

Saboda haka, mai karatu, ba ina roƙonka ka tausaya wa ɓarawon daji ba ne. Ina roƙonka ne in ka ji a rediyo an ce jirgi ya hallaka 'yan bindiga da dama, bayan ka yi hamdala ka ƙara da tambaya: su waye, a wane gari, wa ya je ya gani? Zamfara na da sanatoci 3 da 'yan Majalisar Wakilai 7. In sun zo gida rabon shinkafa da atamfa, a samu mai ƙarfin hali ya tambaye su abin da suka yi da sashe na 217 da na 218, da kuma rahoto nawa suka nema a kan hare-haren da suka faɗa wa mutanen mazaɓunsu. Marubutanmu da 'yan fim su ma akwai aiki a gabansu. Mun iya nuna jarumi da bindiga. Har yanzu muna jiran wanda zai juya kyamara ya bi matar nan da ke tsaye a bakin ƙofar asibiti a Gusau, wadda ɓarayi suka kashe wa miji bara, jirgi ya kashe wa ɗa bana, ya bar ta ta yi magana da bakinta.

Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci da jin tsoron ranar da za a tambaye su. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.